Maƙwabcin Katanga da Maƙwabcin Ruwa

Gabatarwa

Akwai wata al'ada a wasu ƙasashe masu duwatsu wadda Bahaushe zai ji ta baƙuwa a kunnensa. Ranar hutu sai magidanci ya ɗebi iyalinsa, yara da tsofaffi, su bi gefen wata 'yar hanyar ruwa da manoma suka haƙa a jikin dutse, su yi ta tafiya a ƙasa, su zauna su ci guzurinsu, la'asar ta yi su komo gida. Ana yin haka a lardin Valais na ƙasar Suwizalan, da tsibirin Madeira na ƙasar Fotugal, da kuma ƙauyukan kan duwatsu na ƙasar Oman. Abin da aka fi yabon wannan tafiya da shi kuwa shi ne sauƙi. Ga mutum a tsakiyar tsaunuka, amma a yawancin hanyoyin ba wani hawa, ba wata gangara, yaro ɗan shekara biyar ma yana iya bi.

Manufar wannan maƙala ita ce mu binciki inda wannan sauƙi ya samo asali, sa'an nan mu ɗauko amsar mu auna ta da wata hanyar ruwa da ke ƙofar gidanmu, watau Jakara, wadda ta ratsa Fagge ta bi gefen Sabon Gari. Tambayar da za mu tauna ita ce: mutumin da ruwa ya bar ƙofata ya gangara ya same shi, alhali ban san shi ba, shi ma bai san ni ba, shin yana da wani hakki a kaina?

Daga ina sauƙin ya fito?

Duk wanda ya taɓa aikin lambu ya san halin ruwa. In hanyarsa ta cika gangara, sai ya yi gudu ya cinye ƙasa ya fasa gefe. In kuma ta kwanta sosai, sai ya tsaya ya ƙi kaiwa fangalin ƙarshe. Saboda haka tilas ne mai haƙa hanyar ruwa a jikin dutse ya sa ta riƙa sauka kaɗan-kaɗan, yadda ido ma ba zai gane saukar ba, tana kewaya dutsen kamar ɗamara. Turbar da ke gefenta kuwa domin mai gadin ruwa aka yi ta, wanda zai riƙa bi yana kwashe ganye da tsakuwa, yana toshe inda ya tsage. Ashe ke nan ba wanda ya zauna ya tsara wa masu shan iska hanya mai daɗi. Sauƙin ya biyo bayan wata buƙata ce dabam, watau ruwa ya isa gonar mutumin da ya fi kowa nisa, kuma ya isa da tsabtarsa.

Ba da arha aka sami wannan ba. A Madeira an fara haƙa hanyoyin tun ƙarni na 15, tsawonsu a haɗe ya wuce kilomita 2,000, kuma a cikin waɗanda suka fara sassaƙa dutsen akwai bayi. A wasu wurare sai an zura ma'aikaci da igiya daga saman dutse, yana lilo yana sara. A Valais da yawa daga cikin hanyoyin sun kai shekara 500 ko fiye, inda dutse ya tsaya tsaye kamar bango kuwa sai su rataya kwararon katako a jikinsa. A kan wasu akan kafa 'yar ƙafar katako mai juyawa, ruwa yana tura ta, ita kuma tana ɗaga guduma tana bugun allo. Muddin mai gadi yana jin wannan bugu, ya san ruwa yana tafiya. Da ya ji shiru, ko da tsakar dare ne, sai ya tashi ya bi turba ya nemo inda ta fashe.

Bayan wahalar haƙa akwai wahalar rabo, ita ce ma ta fi. A Oman, bisa tsohuwar al'ada, da rana akan raba ruwa da inuwar sanda, da dare kuma da fitowar taurari, kowane manomi da lokacinsa. Har amfani da ruwan ma jeri gare shi: wurin ɗiban na sha shi ne a sama, sai wurin wanka da alwala, sai wanki, sa'an nan gonaki. A 2006 hukumar UNESCO ta sa biyar daga cikin waɗannan hanyoyi cikin kayan tarihi na duniya. A birnin Balensiya na ƙasar Sifen akwai kotun ruwa ta manoma takwas, wadda kan zauna ranar Alhamis da tsakar rana a ƙofar babban cocin garin, ta saurari ƙara da baki, ta yanke hukunci a nan take. Kalmar da mutanen Sifen suke kiran hanyar ban ruwa da ita ma daga Larabci ta fito, gadon zamanin Andalus ne. Wata masaniya 'yar Amurka, Elinor Ostrom, ta yi nazarin irin waɗannan al'ummu a littafinta na 1990, har da ƙauyen Törbel na Valais, wanda mutanensa suka rubuta yarjejeniyar kula da dukiyarsu ta tarayya tun 1483. Ta nuna cewa talakawa suna iya tsare abin da suka haɗa ba tare da ya lalace ba, in sun sa wa kansu doka, sun san wanda dokar ta hau, kuma akwai mai lura. Wannan aiki ya sa aka ba ta kyautar Nobel ta tattalin arziki a 2009.

To, mai karatu ya lura da abu guda. Yaron da ke tafiya gefen wannan ruwa cikin nishaɗi, adalcin wasu mutane yake ci. Da na sama ya riƙe ruwan, ko ya ɓata shi, da hanyar ta mutu, turbar ma ta cike da ƙaya.

Jakara

Mu dawo gida. Mu ma muna da duwatsu, ga Dala ga Goron Dutse, kuma muna da ruwan da ke tasowa daga yankinsu. Littafin tarihin sarakunan Kano, wanda H. R. Palmer ya fassara da Turanci a 1908, ya ambaci Jakara a matsayin kurmi mai baƙin ruwa, wanda mutanen Barbushe suke tsoro, suna yi masa yanka in sun ga alamar masifa. A gefensa ne Sarki Muhammadu Rumfa ya kafa kasuwar Kurmi a ƙarni na 15. Daga cikin birni ruwan yakan fita ya ratsa Fagge, wadda asalinta zangon fatake ce a bayan ganuwa, inda ayarin Abzinawa da sauran baƙi suke sauka. Daga nan sai ya bi gefen Sabon Gari, unguwar da Turawan mulki suka keɓe wa ma'aikata da 'yan kasuwa na Kudu da sauran ƙasashen Afirka ta Yamma, ba da daɗewa ba bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911. Ya wuce ta Kwakwaci da Nomansland, ya ƙetare hanyar filin jirgin sama, ya haɗu da rafin Getsi wanda ya biyo ta masana'antun Bompai, sa'an nan ya tafi madatsar Wasai ta ƙasar Minjibir, wadda aka gina a 1976.

Me yake ɗauke da shi a wannan tafiya? Kowa ya sani. Ruwan wanka da wanki daga dubban wuriyoyi, da abin da ke kwarara daga masai, da jini da tumbi daga mayanka, da baƙin mai daga garejin makanikai, da leda da robobi. Daga Getsi kuma sai a ƙaro ruwan rini da na jima irin ta zamani. Masu bincike na jami'o'inmu sun sha auna ruwan nan, da ƙasar gefensa, da ganyen da ake nomawa da shi, sun kuwa sami ƙarafa masu guba irin su darma da kuromiyam.

Duk da haka Jakara hanyar ban ruwa ce, kamar waɗancan da muka ambata. A Kwakwaci da Gama da gaba da su, manoman rani sun kafa injuna a bakinta, inda kakanninsu suke kafa jigo, suna shayar da latas da kabeji da karas da alayyafo da albasa. Da asuba kayan nan sukan shigo kasuwannin gari, irin su 'Yankaba da Sabon Gari. Watau abin da mutumin Fagge ya zubar ta wuriya da safe, ba mamaki ya dawo masa a cikin kwano bayan 'yan makonni. Amma ba ka taɓa jin magidanci ya ce wa iyalinsa su shirya, yau za a je shan iska bakin Jakara. In ma hanya ta bi da su ta wurin, hanci ake toshewa a ɗaga ƙafa.

Kada wani ya ce ai yawo da iyali al'adar Bature ce. Gaskiya ne kalmar yawo ba ta da farin jini a wurinmu, don akwai yawon banza da yawon dandi. Amma akwai yawon Salla, akwai ziyara, kuma ranar Takutaha, mako guda bayan Mauludi, yara da manya sukan cika Dala maƙil. Muna son hawa dutsenmu. Ruwan da ke gindinsa ne muka mai da shi abin gudu.

Wane ne maƙwabci?

Bahaushe ba ya wasa da maƙwabtaka. Maƙwabci shi ne na farko a wurin suna da jana'iza, shi ake miƙa wa tuwo ta kan katanga. In indararonka yana zuba a gidansa, kafin damina ta yi nisa magana ta kai gaban mai unguwa, ka kuwa gyara, don kunya ba za ta bar ka ba. Wasu malamai sun ce maƙwabtaka takan kai gida arba'in ta kowace fuska. Duk wannan maƙwabcin katanga ne, wanda ido yake gani.

Ra'ayina shi ne akwai wani maƙwabci na biyu, wanda zan kira maƙwabcin ruwa. Dalilin da ya sa maƙwabcin katanga yake da hakki a kanka shi ne aikinka yana isa gare shi: hayaƙinka, da ƙararka, da ruwan indararonka. Kusanci alama ce kawai ta cewa cutarka tana iya kai masa. In kuwa haka ne, duk inda cutarka ta kai, hakki ya bi ta har can. Manomin Kwakwaci da yake tsaye cikin ruwan nan har gwiwa, da masuncin Wasai, da yarinyar da za ta ci latas ɗin, ruwa ya ɗauki aikinka ya kai musu kamar yadda iska take kai wa na jikin katanga hayaƙi. Bambancin kawai shi ne su ba za su iya kai ƙararka wurin mai unguwa ba, domin ba su san sunanka ba. Rashin mai ƙara kuwa ba ya kankare hakki.

Shari'a ma ba ta bar wannan fage ba. A cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik an kawo hukuncin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, game da wasu rafukan Madina, cewa na sama ya shayar da gonarsa gwargwadon ruwa ya kai idon sawu, daga nan ya sakar wa na ƙasa. An yarda na sama ya fara sha, amma an sa masa iyaka. Haka nan an hana yin bawali cikin ruwan da ba ya gudu, an kuma yi gargaɗi mai tsanani game da yin najasa a mashaya, da kan hanya, da inuwar da mutane ke hutawa. Abin lura a nan shi ne, a duk wuraren nan mai laifin bai san wanda zai cuta ba. Wanda zai zo daga baya ne, ba shi da fuska, ba shi da suna, amma an tsare masa hakkinsa. Abin kunya ne a ce mutanen Barbushe sun ji tsoron Jakara saboda camfi, mu kuma da aka ba mu hujja wadda ta fi camfi nesa ba kusa ba, mun mai da ita juji.

Wani abin tunani kuma, ruwa bai san iyakar da Turawa suka shata ba. An raba Birni da Fagge da Sabon Gari da gangan, kuma a watan Mayu na 1953 an zubar da jini a tsakanin unguwannin nan. Amma kwatar Bahaushe da ta Bayarabe da ta Ibo duk lambatu ɗaya suke faɗawa, ba mai iya tsame tasa. Ko muna so ko ba ma so, Jakara ta mai da mu 'yan gida ɗaya, kuma bashi ɗaya ake bin mu.

Hanzarin masu hanzari

Ba zai yi kyau mu wuce ba tare da mun saurari masu ja da wannan ra'ayi ba, don maganganunsu ba na banza ba ne.

Na farko zai ce: ni talaka ne, ɗaki ɗaya nake haya a Fagge, ba ni da wata mazuba sai kwatar ƙofar gida, ina kake so in kai ruwan wankina? Wannan gaskiya ne, kuma ba a ɗora wa rai abin da ba ya iyawa. Hakki gwargwadon iko yake. Ba a neman ɗan haya ya gina matatar ruwa. Amma buhun sharar da ake jira ruwan sama ya sauko a tura cikin lambatu fa? Wannan ba tilas ba ce, sauƙi ne aka saya da wahalar wani. Mai gida mai ɗakuna ashirin da ya juya bututun masai zuwa kwata don kada ya biya kuɗin kwasa, da mai masana'antar da ya saki ruwan jima ba tare da ya tace ba, su ba su da wannan hanzari ko kaɗan.

Na biyu zai ce: bokitina ɗaya me zai ƙara wa kogi? Amsar ita ce Jakara da rani kusan ba ta ɗauke da kome sai irin waɗannan bokitai. In kowane ɗaya ba kome ba ne, daga ina warin ya fito? Mai wannan magana yana so a yafe masa ne da hujjar da in aka ba kowa ita, ba sauran mai laifi, alhali ga ɓarna a fili.

Na uku zai ce: aikin gwamnati ne. Lalle babban kaso nata ne. Ita ce mai ikon gina matata, da tilasta wa masana'antu bin doka, da kawo motar shara a kan lokaci. A 2013 gwamnatin jiha ta fara aikin killace sashen Jakara zuwa Kwarin Gogau da kankare, da shimfiɗa titi a kai, wanda jama'a suke kira Wuju-Wuju, aikin kuma ya yi shekaru a tsaye. Rufe lambatu yana rage wari da ambaliya da faɗawar yara, wannan alheri ne ga na kusa. Sai dai ruwan da ya shiga ta wannan baki shi ne zai fita ta wancan, manomin ƙasa bai ga canji ba. Akwai ma tsoron in ido ya daina gani, zuciya ta daina tunawa. Darasin mutanen Valais da Oman shi ne hukuma ba ta iya tsare ruwan da masu shi suka yi watsi da shi. Dattawanmu suna tuna zamanin duba-gari, wanda yakan shiga gida ya leƙa randa da kwata. Ya yi tasiri ne domin mai unguwa da jama'a suna bayansa.

Na huɗu shi ne mafi ƙarfi. Zai ce: ai manoman da kansu suna son ruwan nan, ba ya ƙafewa da rani, ga shi da taki, da shi suke ci da iyalinsu, ina cutar? Haƙiƙa ruwan wanka da wanki shi ya raya waɗannan lambuna, kuma korar manoma daga bakin Jakara zalunci ne a kan zalunci. Amma yardar wanda ba shi da zaɓi ba ta wanke wanda ya toshe masa zaɓin. Mai yunwa in ka miƙa masa tuwo da tsakuwa zai karɓa har ya gode, godiyarsa kuwa ba ta mai da tsakuwar nama. Hakkinsa a kanmu shi ne ruwan ya ci gaba da zuwa, kuma ya zo ba guba.

Kowa na sama ne, kowa na ƙasa ne

Kada mu ɗauka wannan magana ta tsaya a Jakara. Madatsar Tiga, wadda aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Bako, ta raya noman rani a Kadawa da Kura da Bunkure, Kano kuma tana sha daga kogin da take tarewa. Amma tare kogin ya rage ambaliyar da fadamun Haɗeja da Nguru suka dogara da ita don shinkafa da kifi da kiwo, ciyawar kacala kuma ta toshe musu hanyoyin ruwa da yawa. Ɗalibin da ya buɗe famfo a Kano na sama ne ga masuncin Nguru. Shi ɗin dai, in ya sayi latas a kasuwa, na ƙasa ne ga mai masana'antar Bompai. Ba wanda yake zaune a sama har abada. Wannan kaɗai ya isa ya sa mai hankali ya so dokar da za ta tsare na ƙasa, ko da a ce tsoron Allah bai motsa shi ba.

Kammalawa

Mun fara da tambayar ko wanda ban sani ba yana da hakki a kaina saboda ruwa ya haɗa mu. Amsata ita ce yana da shi, kuma hakkin maƙwabci ne cikakke, gwargwadon ikona da gwargwadon abin da na zuba. Tafiyar iyali a gefen hanyar ruwa kuwa ma'auni ce mai sauƙi da za a gane ko al'umma ta biya wannan hakki. Inda uwa za ta saki hannun ɗanta a bakin ruwa hankalinta kwance, to an yi wa na ƙarshen hanya adalci. Inda kowa ke toshe hanci, akwai bashin da ba a biya ba.

Shawarata ga 'yan'uwa ɗalibai da malamanmu ita ce, gani ya kori ji. Ƙungiyarmu tana iya ware rana guda mu bi Jakara da ƙafa, daga bayan kasuwar Kurmi zuwa Kwakwaci, mu gaisa da manoman, mu ji ta bakinsu. Masu ilmin kimiyya su auna, masu ilmin shari'a su faɗi hukunci, mu 'yan Hausa kuma mu mai da abin da aka gano cikin harshen da limami zai ɗauka ya hau mumbari da shi, mai unguwa ya tara jama'a a kansa, fasto a Sabon Gari ma ya ji ya isar wa nasa. Tafiyar ba za ta yi daɗi ba, amma za mu dawo mun san fuskar maƙwabtan da muka daɗe muna aika wa saƙo ba tare da sallama ba.

Allah Ya ba mu ikon sauke hakkin na kusa da na nesa, amin.